Maƙwabciyar Kaka a Ƙasar Masara

Mu ba mu tashi da murhu a tsakar gida ba. A hawa na tara muka girma, ni da ƙanena Ibro, cikin wani dogon bene a Minguettes, can gefen Lyon. Amma muna da Kaka, uwar mahaifiyarmu, wadda aka ɗauko daga wani ƙauye kusa da Damagaram bayan rasuwar mijinta. Ita ba ta taɓa yarda da ɗumin da ke fitowa daga ƙarfen bango ba, ta ce wutar da ido bai gani ba ba ta gasa ƙashi. Dole Baba ya sayo mata ɗan risho na lantarki mai jan baki. Da an idar da magariba sai ta jawo shi gabanta, ta miƙe ƙafafu, mu zauna a kan darduma muna jiran tuwo ya sauka. A nan muka san Gizo da Ƙoƙi, muka san kura da kwaɗayinta.

Shekarar da nake da tara, Kaka ta ɓace mana na tsawon wani hunturu. Ƙanwar Mama, Inna Rabi, ta haihu a Amurka, inda mijinta Malam Isuhu ke aiki a wata babbar mayanka, sai aka tura Kaka ta je ta yi mata wankan jego. Mun zaci za ta dawo da labarin benaye da fitilu irin na cikin tele. Ta dawo a rame, da ɗan tari, kuma ta ɗauki kwanaki ba ta yi mana tatsuniya ba.

Ran da ta buɗe baki, Ibro ne ya matsa mata. Ta dube shi ta ce, "To, ga ta nan. Amma wagga ba ta Gizo ba ce." Muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce akwai wata ƙasa a can tsakiyar Amurka, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, babu dutse babu tudu. Idan kare ya gudu da safe, in ji ta, har azahar kana hango shi. Hanyoyinsu a miƙe suke sak, kamar an ja su da igiya, dama masara hagu masara, sai wani kogi da yashinsa ya fi ruwansa yawa, irin gulbin Maraɗi da rani. Gunduma guda ce, da babban garinta inda mayanka take da asibiti da gidan hukuma, sai ƙananan garuruwa warwatse, tsakanin wannan da wancan tafiyar rabin yini ga mai ƙafa. Kowane gari da rumbunsa na siminti, dogo kamar benenmu.

"Hatsi ga shi har sama," ta ce, "amma bakin da zai ci shi babu. Shanu sun fi mutane."

A babban garin akwai 'yan Meziko da Somalawa da mutanen Sudan, duk ƙwadagon nama ya tara su, kowa da unguwarsa da kantinsa. Masu jin Hausa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Su Inna Rabi kuwa a ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan suka sami gida. Can tsofaffin Turawa manoma ne suka rage. Lakwal ɗin garin, makarantar yara ke nan, an rufe ta, ciyawa ta cinye filin wasa. Kantuna an buga musu katako a taga. Majami'arsu ce kawai ke buɗewa ran Lahadi, kuma Kaka ta ce duk kan da ta gani yana shiga fari ne fat.

Gidan da ke kallon nasu na wata tsohuwa ce. Kaka ba ta iya faɗin sunanta ba, sai ta raɗa mata Maitaga, don kullum da safe takan ɗage labule ta zauna a bakin taga da kofinta. Kaka ta ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga. Wata rana Kaka ta aika mata da ƙosai, kwanon ya dawo da wani burodi mai zaƙi a ciki. Daga baya har ta tsallaka da jaririyar a goye. Tsohuwar ta karɓi yarinyar ta rungume, ta daɗe ba ta mayar ba, sannan ta ja Kaka gaban bango tana nuna mata hotuna: 'ya'ya huɗu, kowanne ta taɓa fuskarsa ta nuna wata kusurwa da hannu, nesa.

"Ba ta jin nawa, ba na jin nata," in ji Kaka. "Amma mi ke cikin wannan da sai an fassara?"

Sai aka yi wata ƙanƙara mai ƙarfi, ta kwana biyu tana zuba. Da gari ya waye rana ta farko, labule bai ɗagu ba. Rana ta biyu ma haka. Kaka ta ce wa surukinta ya je ya duba. Malam Isuhu mutumin kirki ne, amma baƙo ne mai tsoron abin da zai jawo masa magana. Ya ce, "Hajiya, nan ba a faɗa wa mutum gida haka nan. Ƙila 'ya'yanta sun zo sun ɗauke ta." Ya tafi aiki.

Kaka ta sa takalmansa na roba, ta yafa bargo, ta kutsa cikin ƙanƙara har gwiwa. Ƙofar baya ba a kulle take ba. Ta tarar da Maitaga kwance a ƙasan madafa, ƙugunta ya karye, leɓɓanta sun bushe, idonta biyu. Kaka ta rufa mata bargon, ta ɗora kanta a cinya, ta riƙa ɗiga mata ruwa da cokali, tana ƙwala wa Inna Rabi kira har ta ji ta bugo wa asibiti. Motar ta daɗe ƙwarai kafin ta iso, don hanya a toshe take kuma garin da nisa. Duk tsawon lokacin tsohuwar na riƙe da yatsan Kaka tana ta magana.

"Mi take cewa?" Ibro ya tambaya.

"Sunaye take kira. Ni kuma duk wanda ta kira sai in ce na'am."

Bayan mako guda Maitaga ta cika a asibiti. Ɗa ɗaya ya zo, ya kwana biyu, aka kafa allon sayarwa a ƙofar gidan, aka kwashe hotunan. Har Kaka ta baro ƙasar ba wanda ya shiga gidan.

Muka zauna muna jiran ƙurunƙus, yadda ta saba rufewa da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ba ta faɗa ba. Ta kashe risho ta ce mu je mu wanke hannu.

Ta sake ba mu labarin sau da yawa, kuma a lokacin abin da na ɗauka shi ne a riƙa duba maƙwabci. Sai bayan rasuwarta, da na girma, Mama ta kai ni ƙauyensu. Na ga gidan Kaka da kwaɗo a ƙofa, katanga ta zube ta gefe ɗaya. Na ga layin da tsofaffi ne kawai a ƙofar gida, samari duk sun tafi Agadas, ko Libiya, ko Legas, ko wajenmu. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ke jikar Mariama ce? Ta ce mana damina ɗaya za ta yi ta komo." A nan na gane Kaka ta san ƙasar masara tun kafin ta taka ta. 'Ya'yanta ne suka fara watsewa, sannan ita ma aka ɗauke ta, ta bar ƙawayenta da jira. Shekara goma sha ta yi tana roƙon a maida ta gida, ana ce mata sai baɗi. A Lyon aka binne ta.

Yanzu ina zaune a Aubervilliers, gefen Paris, da mijina da yara biyu, ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya. Ibro yana Kanada. Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, Mama ta saura ita kaɗai a hawa na tara. Jirgin ƙasa awa biyu ne daga Paris, amma sai in yi wata uku ban je ba: aiki, lakwal ɗin yara, gajiya. Duk dalilan gaskiya ne, kuma na tabbata 'ya'yan waccan tsohuwar ma suna da irinsu. Da can haushinsu nake ji. Yanzu ban san fuskar da zan yi musu ba in mun haɗu.

Ran Juma'ar da ta wuce na kira Mama na sake roƙonta ta dawo wajenmu, na ce za mu haɗa yaran a ɗaki ɗaya mu ba ta ɗayan.

Ta ce, "Hadiza, uwata na nan kwance, ubanku na nan kwance. In na tahi, wa zai riƙa zuwa musu?"

Na ce to zan zo ƙarshen wata, in Allah ya so.

"Kar ki wahalar da kanki," ta ce. "Lahiyata lau. Ki gaida yara."

Na ce za su ji. Ba ta kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba. Muka daɗe a haka, ina jin numfashinta.