Maficin Yaya Asabe ya koma bakin garwashi

Salamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan da wani abu ban ce uffan a shafin nan ba, har wasu na tambaya ko Sale mai tsire na unguwar Briqueterie ya koma Najeriya. Ina nan, kuma yau da labarin murna na zo.

Da fitsari abin ya fara. Sai in ji ya matse ni, in je in tsaya, ya riƙa zuwa ɗis-ɗis. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Ranar da na ga jini, matata Hajara ta ce ko in tafi asibiti da ƙafata ko ta kira maƙwabta su ɗauke ni.

Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka yanki ɗan nama aka auna. Likita ta ce ciwon daji ne na prostat, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na sayar da babur ɗina aka yi mini gashi a Douala, wato ƙona ciwon da na'urar asibiti, sannan aka ɗora ni kan allura duk wata uku. Aikinta danne sinadarin mazantaka, domin da shi cutar ke girma.

Wannan allura ita ta fi ba ni wuya.

Ina tsaye bakin tukuba sai in ji zafi ya taso daga ƙirji har tsakar kai, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Minti uku ya wuce, anjima ya dawo. Ga shi lokacin korona ne, kowa na tsoron kowa. Mutum ya zo sayen tsire, ya ga mai gashi yana tsiyayar da gumi yana haki, sai ya gyara takunkumi ya wuce gaba. Wata da ta shekara goma tana sayen namana ta ce, "Papa Sale, je ka yi test, pardon," wato don Allah in je a gwada ni, ba ta sake dawowa ba.

Ƙirjina ya tasa, tumbi ya fito, ƙarfi ya tafi. Zancen shimfiɗa ya mutu murus. Ni da na binne mahaifina ban yi hawaye ba, sai ga ni ina kuka don an taɓa ni da magana.

Da ranar allura ta uku ta zo, sai na ƙi zuwa. Na ce tukubar nan ita ke ciyar da gidana, ba zan bari allura ta kore ni daga gabanta ba.

Hajara ta kai ƙarata wurin Yaya Asabe, yayata da ke zaune a unguwar Madagascar, nan cikin gari. Yaya ta iso da hantsi ta tarar zafin ya taso mini ina fifita da kwali. Ta dube ni ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ina shan wuya kina dariya?"

"Sale, ai abin da ya same ni ke nan lokacin da al'adata ta ɗauke. Shekara huɗu ina wannan gumi, ina tuƙa tuwon mutum goma sha biyu, wa ya taɓa ce mini sannu? Ashe ƙanwa Allah ya ba ni ban sani ba."

Haushi ya kama ni, amma sai na ji ni ma ina dariya. Ta zaro tsohon maficinta na kaba daga jaka ta danƙa mini. Ta ce in sa rigar auduga mara nauyi, in rataya jiƙaƙƙen tsumma a wuya, in rage shayi mai zafi, in bar yaji. Mai tsire ya bar yaji, ku ji fa!

Sannan ta daina dariya ta ce, "Gumi bai kashe ni ba. Abin da ke jikinka kuwa yana kisa. Tashi mu je."

Likita ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da mun nemi dabara tare." Ta ba ni maganin ƙarfin ƙashi, ta ce in riƙa tafiya kullum.

Na bar wa abokin sana'ata Malam Ɗanjuma bakin wuta, na koma yankan nama da haɗa yajin da ba na ci. Bayan sallar asuba in taka har unguwar Cité Verte in dawo. Duk wanda ya ga gumina ya ja baya, sai in ce masa, "Ba korona ba ce, magani nake sha na ciwon daji." Wasu suka gudu, da yawa suka tsaya. Dattawa uku sun ja ni gefe suna tambayar yadda fitsarin nawa ya fara.

Kan zancen shimfiɗa kuwa, Hajara cewa ta yi, "Ni kai nake so a gidan nan, sauran duk mai sauƙi ne."

Shekaranjiya aka ba ni sakamakon gwajin jini. Likita ta duba ta ce, "C'est très bien," wato ya yi kyau ƙwarai, ta ce an gama allura, sai dai in riƙa zuwa awo duk wata shida. Na fito ina ta gaisa da mutanen da ban sani ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Hajara, da Malam Ɗanjuma, da likitata da alheri.

Maza 'yan uwana, in fitsari ya sauya muku, ku je asibiti da wuri. In magani ya wahalar da ku, ku gaya wa likita, kada ku yanke shi da kanku kamar yadda na yi. Kuma ku tambayi matan gidajenku, sun san abin da ba mu sani ba.

Jiya na koma bakin tukuba. Na aika wa Yaya Asabe tsiren farko, ta aiko a ce in dawo mata da maficinta. Na ce a gaya mata ta yi haƙuri, da shi nake hura garwashi yanzu.