Rinin Namadi na Ƙarshe

Namadi marini ne, ɗan marini, a Tambuwal. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, shi ya sa na san abin da zan faɗa. Dogon mutum ne marar yawan magana, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu saboda baban rini. Ko a masallaci kana bayansa, in ya ɗaga hannu zai yi kabbara ka san shi ne.

Karofinsu yana bayan gari. Da na tashi, rijiyar rini goma sha fuɗu na iske a wurin, kowace da mai ita. In ka bi ta nan da hantsi wari ke tarbarka tun daga nesa, ga marina suna ta ba'a, ga zannuwa shanye a ƙasa. Sai shekarun da fara ta cinye gonaki sunka zo, kuɗi ya ɓace a hannun mutane, auduga da fata sunka koma kamar ba kaya ba, ga harajin Bature bai fasa ba. Marina sunka watse. Wasu sunka tsaya ga gona kaɗai, wasu sunka tafi cin rani kudu ba su komo ba, har da ɗan Namadi guda ɗaya tak da Allah ya ba shi. Matarsa ta rasu a shekara ta biyu. Rijiyoyi sunka cika da rairayi da kashin awaki. Shi kaɗai ke zuwa yana share tasa, ko da yake ba komai a cikinta.

Daga baya anka fara cewa duniya ta gyaru. Fara ta ɗauke, an sami damina biyu ba laifi, masu awon auduga sunka ɗan ƙara abin da suke bayarwa. Amma wanda ya shiga kasuwa ya san gyaran bai kai zukata ba. Mahauta sun daina kayar da sa, sai akuya, ita ma har la'asar tana rataye. Mace ta ɗauki ƙwarya ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta yaba, ta ajiye ta tafi ta kai tsohuwarta wurin gyartai. Mai gero a rumbu ba ya son a san yana da shi. Kowa ka tambaya sai ya ce, "Bari mu ga damina tukuna." In daminar ta yi kyau, sai a koma jiran ta gaba.

Namadi dai ya gaskata cewa duniya ta gyaru. Shekara uku yana shuka baba a gefen gonarsa, yana dakawa, yana curawa, yana tarawa a ɗakin matarsa. Da watan Mauludi ya matso, a ƙarshen bazara, ya ce lallai bana mata za su so baƙin zane. Ya kwashe shunin nan duka, bai rage ko curi ɗaya ba, ya zuba a rijiya da ruwan toka. Kwana bakwai yana motsawa da muciya safe da maraice. Ran na takwas kumfa ya taso, ya lakata ya ɗanɗana, na ga ya yi murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun matarsa na da rai.

Rini kuwa abu ne mai rai. In ya nuna, yana da kwanakinsa. Kullum sai an motsa shi, kuma ba ya son baƙon ruwa. In ba a kawo kaya ba ƙarfinsa haka nan zai tafi.

Ya zauna bakin rijiya mako guda, ba wanda ya aiko da ko zare. Ɗan'iya mai baibayar ɗakuna, wanda yake abokin wasansa ne, ya biyo da jinka ƙarama a ka, irin wadda ake kifawa bisa rijiyar rini.

"Sarkin marina! Ina talakawanka? Ko sun tahi gaisuwa?"

"Suna tahe," in ji Namadi.

"Mi kaka rinawa, iska? To ga hular rijiya na kawo maka. Dubi taka, ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai ƙarƙashinta."

Gaskiya ne, gara ta ci tsohon murfin, kana hango rini ta cikinsa. Namadi ya shafa sabon, ya ɗaga shi ya ji nauyi.

"Ya yi kyau. Bari in ga zane ya shigo tukuna."

Ɗan'iya ya yi dariya har da buga cinya. "Kai ma? Wallahi tun asuba nika yawo, kai na na biyar da ka ce mini bari. Garin ga kowa bari shika ci."

Ya ɗauki kayansa ya wuce.

Da kwana ya ƙara tafiya, Namadi ya ce zai je Kebbe. Ƙanwarsa Kulu tana aure can, kuma a da matan Kebbe da ƙauyukan wajen Fakku su ne manyan masu aiko masa da saƙi. Ya miƙa mini muciya ya nuna mini yadda zan riƙa kai ta har ƙasa. Ya fita da sanda da gora, wuni guda yana tafiya.

Abin da ya faru can, Kulu ce ta ba ni labari daga baya. Ya sauka a zauren mijinta, ita kuma ta yafa mayafi ta shiga gidaje, tun da shi ba ya shiga. Kwana biyu tana yawo. Wata ta ce saƙinta na cikin tukunya, ta aje shi fari don in abu ya ɓaci ya fi saurin sayuwa. Wata ta ce ta juya zanenta ciki ya koma waje, ai ya zama sabo. Wata tsohuwa, Atu, ta ce a gaida marini, a ce mishi wanda ya rina mata tun kafin fara bai koɗe ba, laifin hannunsa ne da ya yi kyau.

Kulu ta komo ta durƙusa bakin zaure da zane ɗaya a naɗe.

"Yaya, ga wannan an bayar."

Ya warware ya duba. Ya san gefen, ya san ɗinkin da ke tsakiya.

"Kulu, wanga naki na."

"To ni ba mutum ba ta? Rina shi zaka yi, ko sai ka ji sunan kakan mai shi?"

Ya naɗe ya sa a hammata.

Yana hanya da azahar hadari ya haɗo daga gabas. Ni kuwa tun da na motsa rini da safe na tafi gonata ta nesa ina sassabe, can ruwa ya rufe ni. Ruwan farkon damina ne, mai ƙarfi, irin wanda ke kwance shinge. Da ya ɗauke, garin duka murna, mata na guɗa, maza na neman iri da sungumi. Na sheƙa karofi da gudu. Na iske murfin ya faɗa ciki, ruwan kwari ya bi ta baki da laka da tsinkaye, rijiya ta cika har tana tumbatsa. Ƙasar wurin duk ta yi shuɗi.

Ina nan tsaye ya iso, jiƙe sharkaf. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Ba kai na ba. Je ka yi shuka, kada ƙasa ta sha."

Kwana uku yana fama. Ya tsame ciyawa, ya rage ruwa, ya ƙara toka, ya motsa. Kumfa bai sake tasowa ba. Duk da haka ya tsoma zanen Kulu, ya matse, ya shanya, ya sake, har ban san sau nawa ba. Zane ya fito fari-fari da dabbare, launin da ko mai koyo ba ya yarda a gani. Shi da kansa ya sake taka ƙafa har Kebbe ya kai mata. Ta ɗaura shi ranar Mauludi ta fita cikin mata, duk wadda ta tambaya ta ce sabon yayi ne daga Tambuwal. Ba wadda ta yarda, amma ba wadda ta ƙara magana.

Daga nan bai ƙara shuka baba ba. Ya ce kafin ya tara na wata rijiya sai shekara uku, kuma bayansa ba ya iya daka. Ya tsaya ga 'yar gonarsa. Da maraice yakan je karofi ya zauna, wani lokaci in bi shi mu zauna tare har a kira magariba.

Sai da damina biyu ta ƙara wucewa sannan hannun mutane ya saki. Wata ranar kasuwa ina zaune ƙofar gidansa, ga wata mata, Zahara'u dillaliya, ta zo daga Kebbe da kaya a ka. Ta sauke, saƙi ne sabo fil, turmi uku, na gidaje daban-daban.

"Baba, an ce a kawo maka. An ce baƙi ƙirin aka so, irin naka na da."

Namadi ya jawo ɗaya ya ɗora a cinya. Ya daɗe yana murza zaren tsakanin yatsu, ya kai hanci ya shinshina.

"Wanga saƙi ya yi. Wa ya saƙa shi?"

Ta faɗi sunan masaƙin. Ya gyaɗa kai, ya ninke shi yadda ya zo, ya mayar mata cikin kaya.

"Ki kai Dogon Daji, akwai masu rijiya da rai can. Ki ce su tsoma shi sau bakwai, kada su yi miki gaggawa."

Ya tashi ya kama mata ta aza kayan a ka, ya raka ta har bakin hanya. Shekara huɗu ya ƙara bayan wannan, ya rasu cikin kaka, mu maƙwabta munka yi masa sutura.