Jijiyar da ke bayan ƙashin Inna Hajara

Cikin duk shekarun da na yi ina nas a ɗakin tiyata a Haɗeja, safiyar da aka kawo Inna Hajara ba ta taɓa fita raina ba. Bayan yaƙin basasa ne da kaɗan, da damina, kogi ya cika ya ci hanya. Mai tallan nono ce daga wata ruga a wajen Kirikasamma. Mijinta ya sako ta a kwalekwale, kwananta biyu tana amai. Ƙaba ce: hanji ya zurmo ta wata 'yar kafa a matsematsinta ya maƙale. In ba a sake shi ba, ruɓewa zai yi.

Aikina shi ne dafa kayan aiki da miƙa wa likita. Likitan namu sabon zuwa ne, na girme shi nesa. Irin wannan aiki kuwa na tsaya a kansa ba adadi. Akwai wani tantani mai tauri a bakin kafar, ana ɗan tsaga shi, hanji ya saku.

Da muka kai wurin, na miƙa masa wuƙa. Bai karɓa ba.

Na ce, "Likita, nan ake tsagawa. Hanjin nan fa yana baƙi."

Ya ce, "Malam Sule, kawo yatsanka."

Ya tura yatsana bayan tantanin, jikin ƙashi. Sai na ji abu yana harbawa, ɗal, ɗal.

Ya ce, "Jijiyar jini ce. A yawancin mutane daga can cikin ƙugu take tasowa, ta bi ta ƙasa. A wasu kuwa daga sama take gangarowa, ta kwanta daidai nan. In muka yanke ta, guduwa za ta yi bayan ƙashi. Jinin ƙari nawa muke da shi?"

Na ce, "Babu ko kwalba."

Sai ya sake yanka daga sama, ya bi a hankali har ya ga jijiyar da idonsa. Ya ɗaure ta wuri biyu, sannan ya tsaga tantanin. Muka lulluɓe hanjin da ƙyalle mai ɗumi muka tsaya jira. Can sai hanjin ya fara komawa ja.

Bayan mako biyu ta taka da ƙafarta ta tafi gida. Ba ta san kome ba, mijinta ma haka.

Ni ne na kwana biyu ina juyayi. Likitocin da na tsaya wa a baya, na ga sun tsaga wurin ba tare da sun laluba ba, ni kuma na ɗauka ƙwarewa ce. Ashe wani lokacin Allah ne kawai ya rufa asiri.

Shi ya sa nake gaya muku, ku 'yan baya: zanen da ke littafi na yawancin mutane ne. Wanda ke kwance a gabanku kuwa mutum ɗaya ne, kuma Mahaliccinsa bai shawarci littafi ba. Ku laluba kafin ku yanka.