Kalangun Baba da Tsohon Kuba

Babana makaɗin mahauta ne. Duk ranar kasuwar Sassumbrum, kalangunsa ke gaya wa mutane an yanka sa tun kafin su ga nama. Shekarar da mahauta suka sayo lasifika mai batir suna zuba waƙoƙi daga waya, Baba ya dawo gida ya rataye kalangun a ƙusa, ya ce ya gama. Har ya yi wa wani mai sayen kayan gargajiya alkawarin ya zo ya ɗauka bayan sallah. Abin ya ci mini rai ƙwarai, sai dai ba ni da bakin magana, don ni ne ɗan da ya tafi lakwal karatun boko ya ƙi gado.

Ina da aboki likita a Magaria wanda ya yi karatu a Kuba. Da na kai masa kukana, sai ya zuba mini wani bidiyo a waya. Wani tsoho ne da malafa, shugaban makaɗa. Abokina ya ce lokacin da samarin ƙasarsu suka juya wa kiɗan kakanni baya, wannan mutum ya bi gida-gida ya tattaro tsofaffin makaɗa, ya yi ta yawo da su ƙasa-ƙasa har duniya ta san kiɗan. Na hau babur na nufi gida, duk hanya ina shirya wa'azin da zan yi wa Baba.

Na same shi bayan la'asar a gindin darbejiya. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ƙafarsa ta fara motsi ba da saninsa ba.

"Gangar nan ba ta magana," in ji shi, "amma mai ita na da hannu."

Can sai fuskarsa ta canja. "Kai, mayar baya. Wa ya yi mishi liƙi?"

"Ba kowa, Baba. Tafi suke yi."

"Duk taron nan? Tafi ake ci?"

Na ce ai can a bakin ƙofa ake biya. Ya yi tsaki, ya ce abin ƙofa na mai ƙofa ne. Ga mutum da furfura yana zuba gumi, ba maroƙi, ba guɗa, ba wanda ya taso ya taɓa goshinsa. Ni na kawo masa labarin ɗaukaka, shi kuwa wulaƙanci ya gani. A wurin su Baba, in makaɗi ya shiga fili aka yi masa ko-in-kula, ɗan'uwansa makaɗi ne ke tashi ya rufa masa asiri.

Ya miƙe ya shige ɗaki. Ya fito da kalangun, ya kaɗe shi, ya ja tsirkiya, ya saƙale a hammata, ya fara bin kiɗan wayar. Da fari sun yi ta karo da tsohon kamar makafi biyu a ƙofa ɗaya, har na tuntsire da dariya. Kafin waƙar ta ƙare Baba ya gano bakin zaren, kiɗa ya zauna daram. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta rangaɗa guɗa, ta kwance bakin zane ta manna masa dala biyar a goshi. Baba ya cire ya ɗora kan gilashin wayar.

"Nashi ne. Shi ne baƙo."

Da mai saye ya zo bayan sallah, Baba ya ba shi haƙuri, ya ce yana da baƙo daga Kuba, kuma ba a sayar da ganga baƙo na gida. Ranar kasuwa ya saɓa kalangu, ya waiwayo ya dube ni.

"Taho ka riƙe mana wayar, tunda ita ka iya."

Maganar ta soke ni, amma na bi shi. A hanyar dawowa na roƙe shi ya nuna mini yadda ake riƙe sandar kiɗa.