Ƙusoshin Cikin Mangwaro

Har gobe idan na bi ta ƙofar wani gida a Kaura Namoda sai in ji ɗaci ya cika mini baki. An ce in yi haƙuri, na kuma yi, amma ban manta ba, ba kuma na son in manta.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini aiki da injin yankan icce. Ina da mata da 'ya'ya biyu lokacin da na fara bin sa, don haka da wayona na ga komai. Mun yi aiki a ƙauyukan Zurmi, su Dauran da Gurbin Bore, mun ƙetara Badarawa ta ƙasar Shinkafi, muna kayar da madaci muna tsaga katako. Bakuna goma sha ke ci daga hannun daman Kawu, domin da shi yake riƙe bayan inji, da ɗan alinsa yake matsa totur. Da daji ya daina shiguwa saboda 'yan bindiga sai muka dawo gari, muna sare itatuwan cikin gidaje.

Kawu mutum ne mai ƙa'ida har ta gundure ka. Ba ya tayar da inji sai ya zagaya icce sau biyu ya ga inda ya karkata. Sai ya buga gindin da ƙeyar gatari ya kasa kunne. Baki yake fara yanka wa icce ta wajen da yake so ya faɗi, sannan ya koma baya, kuma ba ya yankewa duka, yana barin 'yar tsoka a tsakiya ta riƙe shi har ya kwanta a hankali. Idan ya ga abin da inji ke tofarwa ya koma gari maimakon tsaki-tsaki, nan take zai kashe, ya zauna da magagari yana wasa haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya, ko da mai aiki na tsaye yana tsaki.

Sai tambayoyinsa uku ga mai icce. Yakan ɗaga hannun dama ya lanƙwasa ƙaramin yatsa: "Akwai kogo?" Ya lanƙwasa na kusa da shi: "Akwai zuma?" Ya lanƙwasa na tsakiya: "Akwai ƙarfe?" Ta ƙarshen ce ya fi tsoro. Icce yana haɗiye ƙusa da waya ya rufe su da ɓawo kamar ba a taɓa yi ba, sarƙa kuwa idan ta ci karo da ƙarfe tana tsakar gudu, ko ta tsinke ko injin ya zabura ya dawo maka. Ni har tsokanarsa nake, in ce Kawu ko gawayi zai saya sai ya tambayi ko da zuma a ciki.

Wata Laraba da hantsi aka kira mu gidan wani Alhaji. Mangwaro ne babba a tsakar gida, saiwarsa ta fara tsaga katanga, kuma a cewarsa bai taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Alhajin nan kowa ya san shi a unguwa. Kullum bayan la'asar yana kan dakalin ƙofar gidansa yana caccakar masu camfi, wane ya ɗaura wa ɗansa guru, wance ta binne tukunya a ƙofar ɗaki. Bakinsa bai bar kowa ba.

Kawu ya zagaya, ya buga gindi, ya ɗaga hannu.

"Alhaji, akwai kogo?"

"Babu."

"Zuma fa?"

"Babu."

"Ƙarfe? Ko ƙusa, ko waya ta shanya?"

Maƙwabta uku sun shigo kallo, suna tsaye a bakin zaure. Na ga Alhaji ya dube su kafin ya amsa.

"Mi za ya kai ƙarfe cikin iccen gidana? Babu komi. Ku yi aikinku."

Kawu ya ce, "To, madalla." Ya yi bisimilla ya ja igiya.

Zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na wanke kaina. A ƙarƙashin inji akwai wani ɗan ƙarfe da ke tare sarƙa idan ta tsinke. Namu ya faɗi tun da damina, Kawu ya ce in kai wa mai walda, na yi ta cewa gobe. Wannan yana wuyana, kuma na sani. Amma sarƙa sabuwa ce, da ba ta haɗu da abin da ta haɗu da shi ba da ba ta tsinke ba.

Bai kai rabin bakin ba na ji ƙara kamar an buga tasa da dutse, na ga tartsatsi. Injin ya faɗi ƙasa yana gurnani. Kawu ya durƙusa ya matse hannun dama a cikin hammata, bai yi ihu ba, salati kawai yake. Na kashe inji, na tuɓe rigata na naɗe hannun, kafin in ƙulla ta jiƙe.

A nan ne mahaifiyar Alhaji, tsohuwa tukuf, ta fito daga ɗaki tana dogara bango. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ƙusoshin nan ne. Ɗan nan, ba jiya na ce ka faɗa musu ba? Ba kai ka buga ta fari da hannunka ba?"

Ashe shekarun baya, da mangwaron ya ƙi haihuwa, aka ce masa a buga masa ƙusoshi zai yi 'ya'ya, kamar yadda wasu ke yi. Ya buga a ɓoye. Bai yi ba, ya ƙara. Mutumin da ke zagin camfi a kan dakali ba zai iya cewa "akwai" a gaban maƙwabta uku ba, sai ya gwammace ya sa hannun wani a ciki. Sai Alhaji ya hau kiran a kawo mota.

A asibiti suka ce ɗan ali da na tsakiya ba za su gyaru ba. Aka cire su.

Kwana uku ina kasa cin abinci don baƙin ciki. Rana ta huɗu na ɗauki gatari na koma gidan Alhaji, ban yi wa kowa dogon bayani ba. Da gatari na kayar da mangwaron, na yini ina faskara gindinsa, ina zaro ƙusoshin ɗaya-ɗaya, dogaye, sun yi tsatsa, naman iccen da ke kewaye da su ya yi baƙi. Na cika kwanon sha da su. Bayan la'asar na fito na same shi a kan dakali da mutanensa, na juye masa su a kan tabarma.

"Alhaji, ga babu komi ɗinka."

Ya dube su, ya dube ni, ya gyara hula. "Yaro, kowane bawa ba ya wuce ƙaddararsa. Ka yi imani."

Wallahi da ba don wani dattijo ya riƙe mini hannu ba, ban san abin da zan aikata ba. Ƙaddara gaskiya ce, ban taɓa musun ta ba. Amma an tambaye ka da bakin Hausa, ka amsa da bakin Hausa, sannan ka ɗora wa ƙaddara. Na ce masa, "Kawu bai tambayi ƙaddara ba, kai ya tambaya." Mutanen dakali suka sunkuyar da kai, aka ja ni aka fitar da ni daga layin.

Da labari ya kai wa Kawu, ni ya yi wa faɗa. Ya ce ban da kunya, na je na tozarta babba a ƙofar gidansa. Alhaji ya aiko da buhun gero, Kawu ya karɓa ya yi godiya. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, na bar gidan Kawu na yi mako ban leƙa ba.

Bayan wata uku ciwon ya warke. Wata safiya Kawu ya ce in fito da inji. Na riga na kai an mayar da ɗan ƙarfen nan, a makare. Na tayar masa, ya karɓa, ya gwada matsa totur da yatsan da ke kusa da ƙaramin. Inji ya yi kuka ya nemi kuɓucewa, domin babu abin da ya rage da zai riƙe shi. Ya gwada sau uku. Sai ya kashe, ya goge marikin da bakin rigarsa, ya miƙo mini.

"Riƙe, ɗana. Naka ne yanzu."

Tun ran nan ni ke yanka. Na ciro mayen ƙarfe daga bayan tsohuwar sifika na ɗaure a igiya, duk iccen gida sai na bi jikinsa da shi tun daga ƙasa har iya tsayin hannuna. Ba ya kama ƙusar da ta yi zurfi, don haka nakan duba ɓawo, duk inda ya yi ƙullutu ko baƙin hawaye ya gangaro, in sare wurin da gatari in gani. Idan kuma zan tambayi mai gida, sai in ja shi gefe inda ba maƙwabci, in kuwa da tsohuwa a gidan, ita nake fara gaisarwa.

Kawu yakan raka ni wani lokaci, wai don ya duba mini inda icce ya karkata. Ranar farko da muka fita tare, wata darbejiya ce a bayan kasuwa. Kafin in buɗe baki ya riga ya tsaya gaban mai gidan ya ɗaga hannun dama. Ya lanƙwasa ƙaramin yatsa, ya ce kogo. Ya lanƙwasa na kusa da shi, ya ce zuma. Sai ya tsaya yana kallon hannun. Mai gida yana jira, ni ma ina jira.

Ya mayar da hannun cikin aljihu, ya ce da ni, "Tambaye shi ta ukun."