Mai Alli Shi Ne Malam

Ku da kuka yi ajin Malam Sabo kun san bai taɓa zama a kujerarsa ba. Jakarsa ce take zama a kai. Shi kuwa yana shigowa sai ya zaro alli daga gwangwanin madarar da yake tara guntaye a ciki, ya yi mana bayanin lissafi, sannan ya danƙa wa ɗayanmu allin, ya kutsa cikin bencinmu da babbar rigarsa, gwiwoyi har ƙirji. Dokarsa ɗaya ce: mai alli shi ne malam. Kana fara rubutu a allo za ka ga hannu ya tashi daga baya, ga furfura a ƙarƙashinsa. "Malam, ban gane ba." Kai jama'a! Mutumin da ya koyar da iyayen wasunmu!

Ni kuwa, Auwalu mai in'ina, ba abin da nake tsoro a duniya kamar allin nan. Kalma ɗaya sai na yi ta kokawa da ita har aji ya fashe da dariya. Na riga na gaya wa babana cewa zangon nan na ƙarewa zan bar boko in koma shagonsa a Kantin Kwari, in riƙa auna yadi bakina a rufe. Ya ce to.

Kun tuna ranar da Malam ya makara? Ya bar wa Ngozi 'yar Sabon Gari alli tun jiya, don ta fara kafin ya iso. Sai ga shi a bakin ƙofa yana haki.

"Daga ina?" in ji Ngozi, da Hausarta da ta fi tamu kaifi.

"Malama, cunkoso ne a shataletalen Bata."

"Kullum Bata! Sauran ta sama suka biyo? Tsaya nan."

Wallahi ya tsaya! Ya rungume hannu, kai a ƙasa, har sai da ta gaji ta ce ya shigo. Da yake wucewa sai muka ji yana gunaguni: "Wannan malamar ba ta da imani."

Amma kar wanda bai san shi ba ya ɗauka sakarci ne. Taju ɗan Fagge ya taɓa gwadawa. Ana ba shi alli ya buga tebur ya ce, "Ni malaminku na ba ku hutu, kowa ya tashi!" Muka zuba ido mu ga tashin hankali. Malam ya ɗauki jakarsa, ya ce, "Mun gode, Malam," ya riga kowa fita. Washegari ya shigo da jarrabawa a kan darasin da ba a yi ba. Muka hau kuka.

"Ba a koya mana ba!"

"To ni ina ruwana? Ku tambayi malaminku na jiya."

Ran nan da ƙafa Taju ya ƙwaci kansa daga hannunmu, tun daga ƙofar makaranta har gidansu.

Firinsifal bai taɓa son wannan tsari ba. A gabanmu ya ce masa, "Malam Sabo, kana zubar mana da girma, yara za su raina mu." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, girman da guntun alli zai zubar, ai dama yoyo yake." Firinsifal ya rantse in ya ƙara kama shi a benci, sai ya sa an ɗauke shi daga makarantar.

Sai ga ranar tawa. Malam ya miƙo min alli. Na ce, "Ma... ma... malam, don Allah."

"Ni kake kira malam? Duba hannunka."

Na fita gaban allo. Ina tsaka da bayani, na maƙale a kan wata kalma, ta ƙi fita ta ƙi komawa, sai ƙofa ta buɗe. Firinsifal ne da wani baƙo da aka turo duba makarantu. Baƙon ya dubi kujera ya ga jaka. Ya ce, "Ina malamin ajin?"

Mu da sabo ya bi mana jiki! Gaba ɗaya aji ya nuno ni.

Firinsifal ya daka tsawa: "Malam Sabo, tashi ka karɓi ajinka!"

Malam ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, malam yana tsakiyar magana. Ba a katse shi." Ya juyo wurina. "Muna jin ka, Malam Auwalu. Ba inda za mu."

Ba wanda ya yi dariya. Na yi ta ja, ina gumi, har na kai ƙarshe. Na ce alhamdu lillahi, na tsira. Sai hannun nan ya tashi. "Malam, ban gane ba. Maimaita." Inna lillahi! Kamar in shaƙe shi. Amma na maimaita, kuma karo na biyu ya fi na farko sauƙi.

Zangon bai ƙare ba aka mayar da shi wata makaranta can bayan gari. Ni kuma na rasa bakin da zan ce na bar boko, bayan an ci mutuncin dattijo don in ƙarasa maganata. Na ce wa babana yadin ya jira.

Da ya kwanta ciwon ajali na je gidansa a Fagge. Na ce, "Malam, ni na jawo maka wahalar nan."

"Kai? Kai da ko sunanka ba ka iya faɗa a lokacin? Daina ɗaukar kanka da girma, taurin kaina ne."

Na yi ta yi masa godiya har ya rufe ido ya ce, "Da na san haka za ka zama da surutu, da na bari an katse ka."

Ina kewarsa ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ya Allah, bawanka Sabo ya jira harshena ranar da ya maƙale. Ka warware nasa wajen amsa tambayar kabari, ka yafe masa, ka yi masa rahama. Amin.