Daren da Uwar Mai Gurmi Ba Ta Tashi Ba

Wata rana, wata mata da ake kira Kuluwa ta yi wanka tun la'asar, ta ciro atamfar da ba ta ɗaurawa sai da salla.

Ba gidan biki za ta ba, ba gidan suna ba. Kallon kiɗa za ta.

Wanda ya san irin su Kuluwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mace ce mai daddawa, shekara talatin tana gaban tukunyar kalwa. Ba ta yawon gidaje, ba ta wage baki a titi. Ko a bikin dangi, tana miƙa gudummawarta take neman takalminta.

To amma mai kiɗan ɗanta ne. Nomau, ɗanta na fari.

Su biyar ne. Shi ke riƙe gurmi yana waƙa, ga masu kalangu biyu, ga mai ganga, ga wani dogo mai fiyano. 'Yan Bakin Kasuwa suke kiran kansu.

Shekara bakwai suna cin abinci da hannunsu, suna nan, biki can. Sai aka kawo wannan abin da kuke kira DJ. Mutum ɗaya da akwati, ya latsa da ɗan yatsa, ya cinye tuwon mutum biyar.

Gayyata ta ɗauke musu ƙaf.

Akwai wani Alhaji Barau mai lambun shaƙatawa a hanyar tasha, inda ake zama ran Asabar a sha lemo a ci tsire. Nomau ya yi ta sintiri wurinsa har takalmi ya gaji, kafin ya ce:

"Dare ɗaya na ba ku. In fili ya motsa, kowace Asabar taku ce. In bai motsa ba, kada wanda ya ƙara zo mini nan da ganga."

Nomau ya dawo gida ya tarar da uwarsa tana iza wuta. Ya tsuguna daga nesa.

"Inna, in Asabar ɗin nan ba ta yi ba, ni kam zan bi samari ramin zinariya. Na gaji da cin tuwonki ina da gemu."

Ta ce, "Matsa, kana tare mini iska."

Abin da ta ce ke nan. Amma ranar ba ta ci abinci ba.

Ta san ramin nan. Daga layinsu kaɗai samari huɗu suka tafi. Ɗaya aka dawo da shi a kwance, ɗaya ko labarinsa babu.

Yanzu bari in tsaya in yi wa yaran zamani bayani, ku da kuke rungume 'ya'yanku a hoto duniya na kallo.

Mu an haife mu da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa. Ba ta yabonsa a gaban mutane. Ba ta tsura masa ido a taro. In ya faɗi a gabanta, wata ce za ta ɗaga shi, ita ta kau da kai, cikinta na ƙuna.

Shekara talatin da biyu sunan Nomau bai taɓa fita daga bakin Kuluwa ba. "Wancan" take cewa. In ta matsu ta ce "mai gurmin nan."

Ba ƙi ba ne. Kada wanda ya ce ƙi ne.

Ku ji abin da ta yi a satin nan.

Duk matar da ta aiko sayen daddawa, sai ta ga an yi mata gyara har biyu. Matar da ba ta shiga gidan kowa, sai ga ta gida-gida da yamma, wai gaisuwa. In za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce:

"An ce wasu marasa aikin yi za su yi hayaniya a lambun Barau ran Asabar. Ban sani ba ko za ku leƙa."

Mata suka gane. Ai ba yara ba ne.

Ta kuma je ta yi canjin sababbin kuɗi na liƙi, ta ƙulle a bakin zani. Shirinta shi ne, da zarar aminiyarta Ladingo ta miƙe, ta cusa mata a hannu ta je ta liƙa masa.

Ladingon nan ita ta yi wa Kuluwa wankan jegon Nomau, ita ta goya shi, ita ta yi rawa ranar sunansa har ɗankwali ya faɗi. A wurin Kuluwa, Ladingo ma uwar Nomau ce.

Shi ya sa ba ta gaya mata komai ba. A ranta ta ce, ai Ladingo ba sai an faɗa mata ba.

Ku riƙe wannan. Nan ɓarnar ta fara.

Asabar ta zo. Ana idar da isha'i lambu ya cika. Matan unguwa kusan arba'in a kujerun gaba, ƙamshin turare na faɗa da hayaƙin tsire. Samari a baya, kowa ya ɗaga waya. Alhaji Barau na tsaye jikin firjin lemo, ya harɗe hannu.

Kuluwa ta zauna a kujerar ƙarshe ta layin gaba, ta juya kafaɗa ga dandamali, ta ɗaure fuska tamau. Haka ya kamata uwar ɗan fari ta zauna. Haka ta ga uwarta ta yi.

Aka buga kalangu.

Jama'a, yaran nan sun iya. Ba kara nake musu ba. Gurmin nan sai ka ce magana yake, kalangu na ba shi amsa, muryar Nomau ta fito tas kamar ruwan sabuwar randa.

Waƙar farko a kan matan da ke tashi da asuba su hura wuta ce. Kuluwa ta ƙara kau da kai. Babban yatsan ƙafarta na motsi a cikin takalmi, ta taka shi da ɗayar ƙafar.

A garin nan kuwa akwai ƙa'ida. Ba a shiga fili sai wani na gidan makaɗi ya fara buɗe shi da liƙi. Bare ba ya riga ɗan gida. Uban Nomau ya rasu, ƙannensa mata suna aure nesa.

Saura uwa.

Mata arba'in suka zuba wa Kuluwa ido ta gefe. Ita kuma ta kafa wa takalman Ladingo ido, tana jiran su motsa.

Waƙa ta ɗaya ta ƙare. Aka ɗan tafa. Fili fayau, ko kaza ba ta ratsa ba.

A ta biyu Nomau ya ga abin zai lalace, sai ya shiga kiran suna. Sunan uwarsa dai ba ya kamuwa a bakinsa, sai ya kama na Ladingo, ya wasa ta, goyon da ta yi masa, furar da ta dama masa.

Ladingo ta yunƙura. Har ta rabu da kujera.

Sai ta waiga ta dubi fuskar Kuluwa.

Ta ga hadari. Ta tuna shekarun da Kuluwa ta yi tana faɗa cewa su gidansu ba maroƙa ba ne. Ta ce a ranta, kai, ko matar nan ta sake tunani ne?

Ta gyara ɗaurin zani kamar abin da ya tashe ta ke nan, ta koma ta zauna.

Kuluwa ta ji kamar ta shaƙe ta.

Hannunta na kan ƙullin kuɗin nan, zufa ta jiƙe shi. Zuciya na ce mata tashi, taku shida ne. Wata na ce mata, gobe a bakin famfo me za a ce? Kuluwa ta tsufa ta zubar da kunya, ta yi wa ɗan fari rawa a lambu?

Ba ta tashi ba.

Waƙa ta uku muryar Nomau ta fara rawa. Mai ganga na dukan fata kamar ita ta yi masa laifi. Samarin baya suka sauke wayoyi, suka koma hirar ƙwallo.

Ba a kai ƙarshen ta huɗu ba Alhaji Barau ya dubi agogo, ya ɗaga wa mai akwatin nan hannu.

Lasifika ta ɗauka. Ita ba ta da uwa, ba ta da dangi, babu wanda ake jira ya buɗe mata fili. Kafin ka ce kwabo samari sun cika wurin, ƙura ta tashi.

'Yan Bakin Kasuwa suka tattara kayansu ta bayan firji, ba wanda ya ko kalle su.

A bakin ƙofa Kuluwa ta cafke mayafin Ladingo.

"Ke, ƙafarki ce ta karye?"

"Tawa lau take. Taki nake jira."

"Ni? Ɗan fari? A bainar jama'a?"

"To da kin ƙyafta mini ido, Kuluwa. Ido kawai! Kin zauna kamar an kawo ki zaman makoki. Wace mai ƙarar kwana ce za ta yi rawa a gaban wannan fuskar?"

Wata daga baya ta ce, "Wallahi Iya, duk da liƙinmu muka zo. Ga shi nan za mu koma da shi."

Kuluwa ta saki mayafin.

Mata arba'in, kowace da kuɗi a bakin zani, kowace ƙafarta na ƙaiƙayi. Ba wadda ta ƙi yaron nan ko ɗaya. Kara ce ta kashe shi.

Kuluwa ta tarar da Nomau a tsakar gida, zaune kan turmi.

"Inna, na gan ki."

"Sauro ya yi yawa a wurin."

Can ya ce, "Waƙar ba ta yi ba ko?"

Maganar ta taso mata tun daga ciki, ta zo har bakin haƙora. Ta ce:

"Akwai tuwo a kwano."

Amma ita ba macen da ke zama ta yi kuka ba ce. Gari na wayewa ta yafa mayafi, ta haɗiye girman kanta, ta tafi wurin Alhaji Barau. Ta tarar ana share kwalabe. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta ce a ƙara musu Asabar ɗaya, ita da kanta ta ɗauki alkawarin fili zai motsa.

Ya saurare ta da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Baba, na san sun iya, ai ina da kunne. Amma ni lemo nake sayarwa. Wanda bai yi rawa ba ba ya jin ƙishi. Jiyan nan na riga na gama magana da mai akwati har ƙarshen shekara."

Ran Talata Nomau ya hau mota, sai ramin zinariya.

Mai fiyano ya koma gyaran waya. Mai ganga ya karɓi Keke Napep. Masu kalangu suka bi wani ɗan siyasa, aka faɗi zaɓe, aka watsar da su.

Wata takwas babu labari. Kuluwa ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi kowa ba.

Ran nan da hantsi Ladingo ta shigo da gudu da waya a hannu, ta manna mata a kunne.

Muryar Nomau ce, ta yi kauri, ga ƙarar inji a bayansa.

"Inna, ina kwana. Kada hankalinki ya tashi, dutse ne ya ɗan taɓa ni. An ɗaure."

"A ina?"

"A hannu. Yatsu uku suka tafi."

Ta dafa bango.

"Ka dawo gida."

"In dawo in yi me, Inna? Nan ko da hannu ɗaya ana jan guga."

Kuluwa ta dubi Ladingo, ta dubi matan da suka zo sayen daddawa suna tsaye da kwanoni. Mutane dai, ga su nan, irin waɗanda ta ji wa kunya. Ta buɗe baki a gabansu duka, da ƙarfi:

"Waƙar nan taka. Ta masu tashi da asuba. Ta yi. Wallahi ta yi."

Inji na ta ruri a wayar.

Ya ce, "Wace waƙa, Inna?"

Wani ya daka masa kira daga can. Nomau ya ce zai sake bugowa.

Damina biyu ke nan, bai bugo ba.

Darasi:

Kunya ado ce, ban ce a yar ba. Ni ma da ita na tsufa. Amma adon da zai hana ki ɗebo ruwa gidanki na cin wuta, cire shi ki ajiye.

Son da ke cikin ciki ba ya cika fili. Kuɗin da ke bakin zani ba liƙi ba ne. In naku ya hau dandamali, makaɗi ne ko mai wasa ko mai tallan yaji, kada ki jira wance, kada ka jira wane. Kowa jira yake. In ba za ki iya tashi ba, buɗe baki ki gaya wa ta kusa da ke ta tashi. Ba wanda ya san gaibu sai Allah.

Kuma ba kowace Asabar ce ke dawowa ba.

Ku tura wa wanda kuka san yana da mai sana'a a gida bai taɓa ce masa sannu ba. Ku tura yau, kada ku tsaya jiran wani ya fara.